KISHIN ƘASA DAGA TSAKAR GIDA YAKE FARAWA

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a wannan jami'a, wadda ya kamata mu zauna mu dube ta da idon basira. Mu da muka fito daga kwarin Rima, watau Birnin Kebbi da Ambursa da Argungu da ƙauyukan da ke kewaye da su, in an zauna hira a ɗakin kwana aka shiga gardamar garin wa ya fi na wani, ba mu da abin da muke saurin jawowa kamar bikin kamun kifi na Argungu. Mukan bugi ƙirji mu ce duniya ta san da zamanmu. Amma da za a tsayar da ɗayanmu a ce ya lissafa sunayen kifi biyar da ake kamawa a Matan Fada, ko ya bayyana aikin da Sarkin Ruwa ke yi kafin a faɗa ruwa, ko ya faɗi yadda mahaifiyarsa ke turara shinkafa, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Wannan ne dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Domin mu gane inda gizo ke saƙar, bari mu ari madubi daga nesa. Iyayenmu da suka yi makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai a shekarun 1970 da 1980 sukan ba mu labarin malamai baƙi da suka koyar da su lissafi da kimiyya, daga Indiya da Pakistan da kuma Filifin. Ita Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Sifen ta mulke ta shekaru fiye da 300, sa'an nan Amurka ta karɓa har zuwa 1946. Mutum zai zaci al'ummar da ta sha irin wannan dogon mulkin mallaka ba za ta tsira da kome nata ba. Ashe kuwa abin da ya tsirar da su yana cikin gidajensu. Yaro a can in zai gaida babba yakan kama hannunsa ya ɗora a goshinsa, kamar yadda namu ke durƙusawa. Abincinsu safe da rana da dare shinkafa ce, kamar mu. Miliyoyinsu suna aiki a ƙasashen waje, amma sun shahara da aika manyan akwatunan tsaraba zuwa gida, har abin ya zama al'ada mai suna nata a harshensu.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne wata kalma tasu, bayanihan. Asalinta daga wata tsohuwar al'adar ƙauye ne, inda in mutum zai yi ƙaura maƙwabta sukan taru su sa gora a ƙarƙashin ɗakinsa, su ɗauke shi a kafaɗa ɗungurungum zuwa sabon wuri. Yau in ambaliya ko guguwa ta auka musu, da wannan kalma shugabanninsu ke kiran jama'a su taimaki juna. Watau sun ɗauko aikin ƙauye sun mai da shi tutar ƙasa. To, wane Bakabe ne zai ji wannan labari bai tuna da jinka ba? Mu ma ai maƙwabta ke taruwa su ɗaga jinka su ɗora a kan ɗaki, har Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da gayya a gona, muna da ita a wajen yaɓe da gyaran hanya. Bambancinmu da su kawai shi ne, ɗan bokonsu yana alfahari da tasa, namu kuwa yana ganin gayya aikin ƙauyanci ne.

Haka abin yake a bukukuwansu. A wani gari mai suna Lucban, ran 15 ga watan Mayu na kowace shekara, sukan yi bikin godiya saboda amfanin gona. Kowane magidanci yakan ƙawata gaban gidansa da abin da ya noma, da zangarniyar shinkafa da kayan lambu da wani abin ado mai launi-launi da ake yi da garin shinkafa. Baƙo in ya zo kallo, gidajen mutane yake kallo, da gumin da suka yi a shekara. Ashe biki na gaskiya rayuwar gida ce aka fito da ita fili na 'yan kwanaki.

Yanzu mu komo gida. Tarihin da ke bayan bikinmu bai gaza na kowa ba. Tun farkon ƙarni na 16 Kanta ya kafa daular Kabi, ya ɓalle daga ƙarƙashin Songhai, ya gina Surame wadda kufanta ke nan har gobe. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi, Kabawa suka koma suka kafa zamansu a Argungu. Daga nan aka shiga shekaru masu yawa na gaba tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato, musamman bayan da Yakubu Nabame ya ɗaga tuta a 1849. Ambursa tana kan wannan iyaka ce, garin tsaro ne da wasu sarakunan Gwandu suka zauna a cikinsa kafin a mai da gadon sarautar Birnin Kebbi a 1906. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu yau, ya wuce ta Ambursa ya hangi filin jirgin sama, to ya sani yana tafiya ne a kan ƙasar da kakanninmu suka yi ta gwabzawa a kanta. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masunta aka yi kamun kifi domin girmama baƙonsa. Wannan ne mafarin bikin a sigar da muka san shi. Saboda haka bikin Argungu bikin sulhu ne tun asali, kuma ɗan Ambursa yana da rabo a cikinsa daidai da ɗan Argungu.

Kafin 1934 kuwa, Kabawa suna da al'adunsu na ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar masu sarautun ruwa. Su ne ke hana su a wasu wurare na tsawon watanni domin kifi ya hayayyafa ya girma, sa'an nan su buɗe a ranar da aka tsayar. Da ba don wannan hani ba, da babu giwan ruwan da za a ɗora a ma'auni a tafa. Masunci da ka gani ya rungumi gora da homa ya faɗa ruwa da jin ƙarar bindiga, bai koyi haka a filin biki ba. Ya koya ne tun yana ɗan yaro yana bin mahaifinsa cikin kwalekwale da asuba. Gasar ninƙaya da nutso da tseren jirage da kamun agwagwar ruwa duk sana'ar yau da kullum ce aka yi mata ado.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta kiyaye. Muka yi murna, kuma ta cancanci murna. Sai dai mu tuna, a lokacin da aka ba mu wannan girma, bikin kansa a kwance yake. Tun bayan na 2009 ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. Shekara goma cur babu taro, babu manyan baƙi, babu kyautar mota. Ina al'adar ta fake a waɗannan shekaru? Ta fake a gidajen masunta da ke ci gaba da saƙa homa, da hannun matan da ke banda kifi, da bakin makaɗan da ba su bar wa gangunansu ƙura ba. Da waɗannan sun gaji sun bari, da ko gwamnati ta zuba kuɗi nawa a 2020 ba za ta sami wanda zai shiga ruwa ba.

Mu dubi shinkafa ma. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, sunan jiharmu ya shiga bakin 'yan Nijeriya, aka yi ta nuna tulin buhuna a talabijin, aka kafa manyan injunan casa. Amma noman shinkafa a fadamun Rima ya girmi gwamnati da injuna. Kakanninmu sun noma jar shinkafa 'yar asalin Afirka, wadda ke tashi tare da ruwa in ya cika. Mata kuwa su ne suka riƙe sauran aikin, daga jiƙawa da turarawa da shanya, zuwa surfe da bakace, har ta zama tuwon da ake kai wa maigida da baƙinsa a zaure. In an zo rabon yabo ba a cika ambatonsu ba, alhali kuwa ranar Sallah ma su ne ke kwana a madafa. Kafin Sarki ya hau doki a Birnin Kebbi ko Argungu, uwa ta riga ta yi wa 'ya'yanta mata kitso da ƙunshi, ta dafa abincin da yara za su zaga da shi gidajen dangi da maƙwabta. Wannan kwanon da ke fita daga gida zuwa gida shi ne ke ɗinke unguwa, hawan doki kuwa shaida ce cewa ɗinkin ya kama.

To, mu ɗalibai ina matsayinmu a cikin wannan? Gaskiya ɗaci gare ta. Da yawanmu in mun shigo jami'a abin da muke fara yarwa shi ne harshen gida. Wanda ya tashi yana cewa "shina tahiya" sai ya ji kunya ya karkata harshe, don kada a yi masa dariya a aji. In an yi hutu mun koma, ba mu zuwa fadama, ba mu zama a gaban tsofaffi, sai dai mu maƙale a ɗaki da waya. Ranar al'adu ta ƙungiya kuwa sai mu ari babbar riga da malfa da gora, a ɗauki hoto, washegari a mayar wa mai su. Wannan ba kishi ba ne, wasan kwaikwayo ne. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba za mu raina hujjarsu ba. Wasu za su ce a cikin tsofaffin al'adun ruwa akwai abubuwan da ba su dace da addini ba. Haka ne, kuma ba mu ce a farfaɗo da abin da malamai suka yi hani da shi ba. Amma sanin lokacin da kifi ke ƙwai, da saƙar homa, da gayya, da zumuncin Sallah, wane malami ne ya hana su? Kada a fake da guzuma a harbi karsana. Wasu kuma za su ce al'ada ba ta cika ciki, abin da matashi ke bukata aiki ne. Nan ma labarin Filifin ya isa gargaɗi, domin duk da son gidan da suke yi, rashin aiki ya raba miliyoyinsu da iyalansu, yara da yawa suna tashi a hannun kakanni. Lalle kishi kaɗai ba ya gina ƙasa. Sai dai aikin da ya fi kusa da mu yana cikin wannan ruwa da wannan fadama. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, kuma madatsun Bakolori da Goronyo sun daɗe da sauya yadda ruwa ke zuwa mana. Waɗannan matsaloli suna jiran injiniya da masanin noma da masanin kifi, kuma wanda zai fi iya magance su shi ne wanda ya san abin da manomi da masunci suka riga suka sani.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta ɗauki matakai masu sauƙi. A hutun nan mai zuwa kowane ɗalibi ya zauna da tsoho ko tsohuwa guda a gidansu, ya naɗi maganarsu da wayar da ke aljihunsa, ya rubuto mana sunayen kifi da irin shinkafa da kayan su da na girki kamar yadda ake faɗinsu a garinsu. Tarwaɗa da karfasa da ramboshi kowa ya san su, muna son waɗanda ba su shiga ƙamus ba tukuna. Mujallar nan ta ware shafi domin buga abin da aka samo, cikin karin harshen mai maganar, ba tare da an gyara masa baki ba. A shirya ziyara zuwa gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda tsohuwar fada ce kuma a nan aka binne sarakunan Kabi da dama. Daɗin daɗawa, ranar al'adu ta bana a gayyato masunci da mai turara shinkafa su hau mumbari su koyar, mu kuma masu digiri mu zauna a ƙasa mu saurara. Ɗalibai mata su ne ya kamata su ja gaba a wannan aiki, domin su ke iya shiga inda maza ba sa shiga, kuma rabin ilmin yana can cikin gida.

Nijeriya babbar ƙasa ce, kuma ba wanda zai iya rungumarta gaba ɗaya. Abin da kowa zai iya shi ne ya riƙe gefen jinkar da ke kusa da shi. Namu gefen shi ne gidajen Ambursa da Birnin Kebbi da Argungu, da ruwan da ke ciyar da su. Tsofaffin da ke riƙe da wannan sani kullum raguwa suke yi, kuma hutu saura 'yan makonni. Allah ya sa mu dace, ya ba iyayenmu tsawon rai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.