HAƘƘIN NAƘASASSU BA SADAKA BA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan uwa Musulmi, a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Dokar ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ware masu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara. Wanda ya nuna masu bambanci, hukuncinsa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya. Haka nan ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su shiga ba tare da an ɗauke su ba. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

To, kafin mu tuhumi hukuma, mu fara duba gida. Masallatai nawa ne a unguwanninmu suke da gangaren da keken guragu zai hau? Ina wurin alwalar da gurgu zai iya amfani da shi? Wa yake fassara wa kurame huɗubar Juma'a da hannu? Mun wadatu da miƙa masu 'yan kuɗi a bakin ƙofa, alhali wurinsu a cikin sahu yake.

Addininmu ya riga wannan doka nesa ba kusa ba. A kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.), farkon Suratu Abasa ya sauka. Ladani ne na Manzon Allah (S.A.W.), kuma ya sha wakilta shi a kan Madina idan ya fita yaƙi. Amana aka ba shi da shugabanci, ba ƙoƙon bara ba.

Don haka muna kira ga kwamitocin masallatai da shugabannin makarantun Islamiyya da su gina gangare a ƙofofinsu, su karɓi yara naƙasassu a azuzuwa. Sannan mu tunkari gwamnatocin jihohinmu da hukumar naƙasassu ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020, mu nemi a zartar da dokar. Wanda ya gyara ƙofarsa shi ke da bakin tambayar ta wani.

Allah Ya sa mu dace, amin.