Fatsar Da Ba Ta Kai Kifi Tukunya

A watan Yunin 2024 hukumar kula da muhalli ta ƙasar Norway ta rufe koguna 33 a rana guda, ta hana kowa jefa fatsa domin kamun kifin salmon, alhali kuwa kakar kamun ba ta daɗe da farawa ba. Cikin kogunan har da Gaula da Orkla, waɗanda masu sha'awar wannan kamu daga ƙasashe daban-daban kan kama gurbi a bakinsu tun shekara guda kafin lokaci. Masu masaukin baƙi da masu gonakin da ke ba da hayar gaɓar kogi sun tafka asara. Dalilin hukumar shi ne kifin da ya dawo daga teku a shekarar bai kai yawan da zai saka ƙwai har zuriya ta ɗore ba. Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada, tunda wannan kifi ba ya rayuwa a ruwanmu. Na ɗauko batun a wannan mako ne saboda cikinsa akwai tambayar da ke gaban kowace al'umma mai dukiyar tarayya: idan abin da kowa ke ɗiba ya fara ƙarewa, wa zai fara janye hannunsa, kuma wa zai biya shi diyyar janyewar?

Bari mu fara da sanin kifin. Salmon na tekun Atlantika ana ƙyanƙyashe shi ne a ruwan daɗi, can saman koguna masu sanyi na arewacin Turai da gabashin Kanada da wani yanki na Amurka. Uwar kan tona rami da wutsiyarta a cikin tsakuwa a farkon hunturu, ta saka ƙwai, ta binne. Ɗan kifin kan shekara biyu ko uku a kogin, jikinsa ya sauya yadda zai jure ruwan gishiri, sannan ya gangara teku tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Daga nan sai tafiyar dubban kilomitoci zuwa wuraren kiwo kusa da tsibiran Faro da yammacin Greenland. Bayan shekara ɗaya zuwa uku sai ya juyo, ya ratsa teku, ya shiga ainihin kogin da aka ƙyanƙyashe shi, yana tsallake gangaren ruwa da duwatsu har ya isa tsakuwar da ya fito. Masana sun tabbatar cewa a ƙarshen tafiyar ƙanshin ruwan mahaifarsa ne ke masa jagora. Wannan ɗabi'a ta sa kowane kogi ke da irinsa na daban, wanda ya dace da zurfinsa da sanyinsa da lokacin cikarsa. Kogin da ya rasa nasa irin ba a iya cike masa gurbi da na maƙwabcinsa cikin sauƙi.

Abin mamaki shi ne kifin da ya dawo kogi ba ya cin abinci. Da kitsen da ya tara a teku yake rayuwa tsawon watanni. Saboda haka mai fatsa ba koto yake ba shi ba. Abin da yake jefa masa ƙugiya ce da aka naɗe da zare da siliki da gashin tsuntsu, aka yi mata siffar ƙwaro ko ɗan kifi. Wannan ƙwaron gashi ba shi da nauyi, don haka igiyar ce ake yi wa nauyi, a kaɗa ta a iska da sanda mai tsawon ƙafa 13 zuwa 15, ta miƙe a kan ruwa, ƙwaron ya bi igiyar ruwa yana gilmawa ta gaban kifin. Har yau malaman kifi na muhawara a kan abin da ke sa kifi mai azumi ya cafki wannan ƙwaro: wasu sun ce fushi ne, wasu sun ce tunawa da abincin teku. Mutum kan yi mako guda tsaye cikin ruwan sanyi har ƙugu, ya jefa igiya sau dubbai, bai ga ko ɓurɓushi ba.

A Sikotland aka raya wannan sana'a a ƙarni na 19. Salon jifar da ake yi da hannu biyu sunan kogin Spey ya ɗauka. Ƙwaron da ya fi shahara, Jock Scott, sunan wani mai yi wa attajirai jagora a kogin Tweed ne, wanda ya ƙirƙire shi a tsakiyar ƙarnin, kuma cikin kayan haɗinsa har da gashin zabo. Son gashin tsuntsaye masu wuyar samu ya kai wasu ga wauta: a 2009 wani ɗalibin kiɗa ɗan Amurka, Edwin Rist, ya fasa gidan tarihin halittu da ke Tring a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299 domin sayar da gashinsu ga masu ɗaura irin wannan ƙugiya. A zamanin yalwa kuwa, wata mace mai suna Georgina Ballantine ta kama salmon mai nauyin kilo 29 a kogin Tay a 1922, kuma har yau ba wanda ya kama wanda ya fi shi da sanda a Birtaniya.

Wannan yalwa ta zama tarihi. Ƙungiyar ƙasashe da ke kula da kifin, NASCO, wadda aka kafa a 1984 mai hedikwata a Edinburgh, ta ƙiyasta cewa tsakanin 1983 da 2016 yawan salmon na daji a tekun Atlantika ya faɗo daga kimanin miliyan 7 zuwa ƙasa da miliyan 3 da rabi. A Sikotland masu fatsa sun kama fiye da 100,000 a 2010. A 2023 abin da suka kama bai kai 35,000 ba, mafi ƙanƙanta tun da aka fara ajiye lissafi a 1952. A Disambar 2023 ƙungiyar IUCN ta saka salmon na Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Kogin Rhine, wanda a dā ya fi kowane kogi a Turai yawan wannan kifi, ya rasa shi baki ɗaya a shekarun 1950 saboda madatsu da dattin masana'antu.

Ruwa ba ya tsami banza. Da aka gano wurin kiwon kifin a yammacin Greenland, jiragen su suka yi masa ca da manyan taruna, har kamun wajen ya kusa tan 2,700 a 1971 kaɗai. Aibin wannan kamu shi ne a teku kifayen koguna ɗaruruwa ke cakuɗe, taru kuwa ba ya bambanta na kogi mai yalwa da na kogin da saura ƙiris ya ƙare.

A nan ne masu fatsa suka shigo, suka yi abin da ya cancanci nazari. Wani ɗan kasuwa daga Iceland, Orri Vigfússon, ya kafa gidauniyar North Atlantic Salmon Fund a 1989. Dabararsa ita ce a tara kuɗi daga masu fatsa da masu koguna, a je wurin masunta masu taru, a biya su abin da za su samu in sun yi kamun, su kuma su bar kifin ya wuce, a taimake su su koma wata sana'ar. Ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da masuntan Faro a 1991, da na Greenland a 1993. Bai kira su ɓarayi ba, bai nemi a aika musu da 'yan sanda ba. Ya ɗauke su a matsayin masu haƙƙi waɗanda ake sayen haƙƙinsu da yardarsu. An ba shi lambar yabo ta Goldman a 2007, ya rasu a 2017. Gwamnatoci ma sun bi sahu: Kanada ta rufe kamun kasuwanci a Newfoundland a 1992 tare da biyan masunta, Ireland ta hana tarun da ake saki a teku daga 2007, Sikotland ta hana tarun gaɓa a 2016.

Su ma masu fatsar sun ɗora wa kansu doka. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na salmon da ake kamawa da sanda a Sikotland ana cire masa ƙugiya a mayar da shi ruwa da ransa. A kogin Dee ana dasa itatuwa miliyan guda a gaɓar ƙoramu domin inuwa, saboda zafin bazara ya fara kai ruwan matakin da ke galabaitar da 'ya'yan kifi. A jihar Maine ta Amurka, ƙungiyoyin masu fatsa da ƙabilar Penobscot da gwamnati sun haɗa kuɗi suka sayi madatsun lantarki a kogin Penobscot, suka rushe Great Works a 2012 da Veazie a 2013, aka ƙara ƙarfin wasu madatsun don kada wuta ta ragu. Wasu ƙananan kifayen ƙaura sun dawo kogin da miliyoyinsu, amma salmon har yanzu 'yan ɗaruruwa zuwa dubu da ɗoriya ne a shekara.

Wannan na ƙarshe shi ne abin damuwar. An janye yawancin taruna, ana sakin abin da aka kama, amma kifin na ci gaba da raguwa, domin yanzu a teku yake mutuwa. A kogunan da ake ƙirga fita da shigowa, kason 'ya'yan kifin da ke dawowa da rai ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1970. Ɗumamar teku ta sauya wurare da yawan abincinsa. Sai kuma kiwon salmon a keji cikin teku, sana'ar da Norway kaɗai ke fitar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara daga cikinta. Inda aka cusa dubban ɗaruruwan kifi wuri guda, ƙwarƙwatar teku kan hayayyafa, ta maƙale wa 'ya'yan kifin daji da ke wucewa, ta cinye musu fata. Na kejin da suka tsere sukan shiga koguna su haɗu da na daji, su raunana irin da ya ɗauki dubban shekaru yana dacewa da koginsa. Wannan kiwo ya taɓo har Afirka ta Yamma, domin wani ɓangare na man kifi da ake haɗa abincin kejin da shi daga masana'antun Muritaniya yake fitowa, inda ake niƙe ƙananan kifayen da talakan yankin ke miya da su. Jan naman salmon da ake gani a firijin manyan kantunan Abuja da Legas na keji ne.

Akwai suka biyu da ake yi wa masu fatsa, kuma dukkansu suna da nauyi. Na farko, me ya halatta a soka wa halitta ƙarfe a baki, a wahalar da ita, sannan a sake ta, don nishaɗi kawai? Switzerland ta hana yin fatsa da niyyar saki tun farko, dokar kare dabbobi ta Jamus ma ta ƙuntata shi. Bahaushe da ya taso da sanin cewa ba a wasa da rai zai fahimci wannan suka fiye da yadda zai fahimci wasan. Bincike ya nuna yawancin kifin da aka saki yana rayuwa ya saka ƙwai idan ruwa na da sanyi kuma ba a jima ana ja-in-ja da shi ba, amma mutuwa na ƙaruwa idan ruwan ya yi ɗumi. Don haka kogin da ya raunana ƙwarai, rufe shi ya fi, kamar yadda Norway ta yi.

Suka na biyu na adalci ne. A Sikotland haƙƙin kamun salmon kadara ce da ake saya a sayar a gada, kuma yini guda a gurbi mai kyau na iya cin abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a mako. Idan aka hana mai taru don kifi ya isa wurin mai sanda, ashe an ɗauke abinci daga bakin talaka an mai da shi abin wasan attajiri? A 1981 'yan sandan Quebec sun kai samame garin Listuguj na ƙabilar Mi'gmaq a kogin Restigouche, suka kwashe tarunansu, alhali kulob-kulob na masu kuɗi na fatsa a kogin. A kogin Tana da ke tsakanin Norway da Finland an hana kamun salmon tun 2021, kuma al'ummar Sami, waɗanda abincinsu da al'adarsu suka dogara a kansa, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Ra'ayina shi ne masu fatsa sun cancanci yabo a inda suka sa hannu a aljihu: sayen taruna da yardar masu su, rushe madatsu, dasa itatuwa, biyan masu ƙirgar kifi, da tsaya wa kamfanonin keji a kotu da majalisa. Ba don son da suke wa wannan kamu ba, da wuya a sami masu kuɗi da murya da za su damu da kifin da ke ƙarewa a ƙarƙashin ruwa. Amma son kai ne ya haifi wannan alheri, shi ya sa bai kamata a bar musu hukunci su kaɗai ba. Duk lokacin da kifi ya yi ƙaranci, mai kamu don ci shi ya fi cancanta da kason farko, mai kamu don wasa ya zo daga baya.

Hana kamu don ruwa ya huta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu ana kulle yankin Matan Fada tsawon shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar biki ake buɗe shi, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Abin da muka gaza shi ne ƙirga da diyya. Tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masuntan yankin suka ɗauki asarar. Mutanen Norway sun iya rufe kogunansu cikin 'yan kwanaki ne domin sun san yawan kifin da ya shigo da yawan da ake buƙata ya saka ƙwai. Ya kamata sassan nazarin kifi na jami'o'inmu da sarakunan ruwa su zauna tare su fara wannan lissafi, kogi bayan kogi, tun akwai abin ƙirgawa.