Fim Mai Tafiyar Hawainiya Da Haƙƙin Mai Fassara

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, wani ƙorafi ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya, a ɗakina a nan Katabu, na kunna wa ƙanena wani fim na ƙasar Iran mai suna Taste of Cherry, wanda Abbas Kiarostami ya shirya, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1997. Ko minti goma ba a yi ba yaron ya ce, "Yaya, don Allah a tura shi gaba, babu abin da ke faruwa." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "To ni ba na jin abin da suke cewa, Turancin da ke ƙasa kuma ya fi ƙarfina." Nan jikina ya yi sanyi, domin gaskiyarsa ce.

Labarin fim ɗin gajere ne. Wani mutum ne, Badii, yake yawo a mota a bayan garin Tehran yana neman wanda zai rufe shi da ƙasa idan ya kashe kansa. Ya ɗauki wani sojan Kurdawa, yaron ya tsere. Ya ɗauki wani ɗalibin ilimi ɗan Afganistan, ya nuna masa haramcin abin. Sai wani dattijo, wanda ya ba shi labarin yadda shi ma ya taɓa ɗaukar igiya ya hau bishiya, amma ya ɗanɗana 'ya'yanta, ya ga fitowar rana, ya fasa. Babu faɗa, babu rawa, babu waƙa. Nauyin fim ɗin duk yana cikin zance da shirun da ke biyo bayansa. Wanda bai samu zancen ba, me zai yi da shirun?

Ra'ayina shi ne, ba haƙurin kallo Bahaushe ya rasa ba, fassara ya rasa. Mutumin da zai zauna tun daga isha'i har tsakar dare yana sauraron hira ko tafsiri ba za a ce masa mai gajen haƙuri ba. Kuma mu ma muna da irin wannan fim. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya haura awa biyu, kuma tafiyarsa a natse take. An gyara shi an nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018, Turawa suna karanta fassara a ƙasan allo. Su sun karanci namu, mu me ya hana mu karanci nasu da harshenmu?

Za a ce ai muna da fassarar finafinan Indiya da ake ɗora murya. Haka ne, kuma ban raina ta ba. Ta kai labari ga waɗanda ba su yi boko ba, ta samar wa matasa sana'a. Amma salonta na cike gurbi ne: inda jarumi ya yi shiru, sai a cusa barkwanci ko habaici. A fim ɗin doke-doke wannan gishiri ne. A fim irin na Kiarostami kuwa ɓarna ce, kamar mai yi wa liman surutu a tsakiyar huɗuba.

Mu dubi Biyetnam. Su ma suna da al'adar murya ɗaya ta riƙa karanta fassara a kan fim, amma kuma suna da masu sa kai da ke rubuta fassara a ƙasan allo, har abin ya samu suna, Vietsub. Daga ƙasar ne Pham Thien An ya fito, wanda ya taɓa sana'ar ɗaukar bidiyon biki, ya yi fim mai kusan awa uku, Inside the Yellow Cocoon Shell, ya ci kyautar fim ɗin farko mafi kyau a Cannes a 2023.

Aikin ba tsafi ba ne. Ƙa'idarsa ita ce layi biyu, kowane layi haruffa kamar 40, ya tsaya a allo na 'yan daƙiƙoƙi. Fim mai tafiyar hawainiya ma shi ya fi dacewa da mai karatu a hankali, tunda magana kaɗan ce, lokaci kuma da yawa. Wahalar tana wajen zaɓen kalma. Bishiyar da dattijon nan ya hau, tut ake ce mata da Farisanci. A bar ta a tut, ko a ce kanya don mai kallo ya ji zaƙin a bakinsa? Ni dai zan bar ta a tut, domin mai fassara ɗan aike ne, ba ya ƙari, ba ya ragi. Wani marubucin zai iya saɓa mini, kuma irin wannan muhawarar ce ke ƙara wa harshe ƙarfi.

Don haka kirana ga marubutanmu ne, ku da kuka iya sarrafa zancen zuci a littafi. Kowa ya ɗauki fim ɗaya a shekara, ya nemi izinin masu shi, ya fassara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙanen nawa kuwa, na zauna na fassara masa maganar dattijon da baki, jimla bayan jimla. Da na gama ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaya, a mayar da shi baya."