Aikin Gida Da Ziyarar Ɗalibai: Kada A Bar Yaran Zango A Baya

Duk wanda ya bi ta lungunan Nima ko Mamobi da sassafe zai ga yara cikin kayan makaranta, wani riƙe da kwali an yanka shi kamar gida, wata da gwangwanin madara da aka shuka wake a ciki, wani kuma yana kuka don bai samu abin da malami ya ce a kawo ba. Wannan abu ne da bai cika faruwa ba a zamanin da mu muka yi firamare, lokacin da alli da allo da bulala su ne dukan kayan aikin malami. Sauyin ya ƙara ƙarfi ne tun daga watan Satumba na shekarar 2019, lokacin da gwamnatin Ghana ta fara aiki da sabuwar manhajar karatu daga ajin rainon yara zuwa aji shida. Manhajar tana son yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya yi tambaya, ya yi aiki tare da 'yan ajinsu, kuma ita ce ta maido da tarihin Ghana a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare.

Babu shakka wannan manufa ce mai kyau, domin Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Yaron da ya shuka wake ya ga ya tsiro ba zai manta da darasin ba, ko da ya manta abin da aka rubuta masa a allo. Sai dai kuma tsarin ya ɗora wa gida wani nauyi, kuma gidajenmu na zango ba su yi kama da gidajen da masu tsara manhaja suka saba gani ba.

A yawancin gidajen haya na Nima da Mamobi, iyali guda ɗaki ɗaya ko ciki da falo suke da shi. Babu teburin da yaro zai ajiye littafi, babu wurin da zai ɓoye aikinsa kada ƙaninsa ya yaga. Uwa ta tashi tun kafin asuba don dama koko ko dafa shinkafa da wake na sayarwa, uba kuma yana tashar mota ko kasuwa har bayan isha'i. Yaron da kansa in ya taso daga boko akwai makarantar allo ko ta Islamiyya tana jiransa, ga aike, ga ɗiban ruwa. Idan malami ya ce a je gida a bincika a intanet a bugo hoto mai launi a kawo gobe, to a gaskiya aljihun uwa ya ba aiki. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: mai hali ya je shagon kwamfuta a yi masa aikin gaba ɗaya, yaronsa ya ci maki ba tare da ya koyi komai ba, marar hali kuma yaronsa ya sha kunya a gaban aji.

Haka zancen yake game da ziyarar buɗe ido. Iyaye da dama suna kokawa a shirye-shiryen rediyon unguwa cewa takarda takan zo kwana biyu ko uku kafin tafiya, a ce a kawo kuɗin mota da na abinci, wani lokaci har da na riga. Ranar tafiya sai a ga wasu yara suna ɗaga hannu daga tagar bas, wasu suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Kundin tsarin mulkin shekarar 1992 ya yi alkawarin ilimin matakin farko kyauta kuma dole ga kowane yaro, kuma tun shekarar 2005 aka fara ba makarantun gwamnati tallafin kuɗi bisa yawan ɗalibai domin a sauke wa iyaye nauyi. Idan har ziyara wani ɓangare ne na darasi, to bai kamata ta zama sai mai kuɗi ba.

Wani abin mamaki shi ne, mu da muke tsakiyar birnin Accra, wanda kakanninmu suke kira Ankara, mun fi kowa kusa da wuraren da yaran wasu garuruwa suke kwana a hanya don su gani. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a watan Maris na 1957, an sake buɗe shi a 2022 bayan gyara. Dandalin tunawa da Kwame Nkrumah shi ma an gyara shi an sake buɗewa a 2023. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka ƙaddamar a 2021, da ƙafa ake zuwa daga Nima. Ba sai an yi hayar bas zuwa Aburi ko Akosombo ba kafin a ce yara sun fita. Kasuwar Nima kaɗai ta isa darasin lissafi na mako guda, daga awon hatsi zuwa canjin kuɗi. Babban kwalbatin da ya ratsa unguwar ya isa darasin kimiyya da tsabta, musamman in aka tuna wa yara ambaliya da gobarar ranar 3 ga Yuni, 2015, waɗanda suka ci rayukan mutane masu yawa a Circle. A ɓangaren tarihi kuwa, akwai tsofaffi a kowane layi da za su iya ba yara labarin fataucin goro da shanu, da yadda aka kafa zanguna irin su Sabon Zango da Nima. Waɗannan tsofaffi ba za su dawwama tare da mu ba.

Su ma iyaye akwai nasu laifin, kuma ba za mu rufe ido a kai ba. Da yawa daga cikinmu da zarar mun ce ba mu jin Turanci, shi ke nan mun wanke hannu. Alhali uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya cewa, “Zo ka faɗa mini da Hausa abin da aka koya maka yau.” Yaron da ya iya bayyana darasi da harshen gidansu, to ya gane shi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a gare mu, ganin cewa Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantun firamare, saboda haka in ba a gida ba, babu inda yaro zai haɗa karatunsa da harshensa. Mun kuma ga abin da ya faru a lokacin annobar korona, sa'ad da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'yan firamare ba su koma ba sai Janairun 2021. An sa darussa a talabijin da rediyo, amma yaran da suka amfana su ne waɗanda aka samu wani babba a gida ya zaunar da su. Sauran sun koma aji sun manta har abin da suka iya a da.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu, da su fitar da jadawalin ayyuka da ziyarce-ziyarce na shekara tun daga farkon zangon karatu na farko, domin iyaye su yi tanadi sannu a hankali. Malamai su riƙa ba da aikin da za a iya yi da kwali da murfin kwalba da tambayar kaka, kuma babban ɓangaren aikin a yi shi a cikin aji inda malami zai ga hannun da ya yi. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su tabbatar babu yaron da za a bari a bakin ƙofa ranar tafiya.

Muna kuma kira ga Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, da malaman makarantun allo, su zauna da malaman boko a daidaita lokaci, don kada a riƙa jan yaro ɗaya ta ɓangare biyu. Limamai da sarakunan zango su duba yiwuwar buɗe harabar masallatai masu fitila na awa ɗaya bayan magariba, matasanmu da suka gama sakandare su riƙa duba wa ƙannensu aiki. Ɗakin karatun yara na Nima da Mamobi yana nan, iyaye su tura 'ya'yansu. Majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, da Asusun Raya Zanguna da aka kafa dokarsa a 2017, su tuna cewa kuɗin motar ɗalibai da 'yan tebura ba su kai kuɗin kwalta ba, amma amfaninsu zai daɗe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba jin kunya a aji uku saboda aikin da gidansu ba su iya biya ba, da wuya ya ɗaga hannu a aji shida, kuma irin waɗannan ne muke gani daga baya suna zaman banza a bakin titi muna ta salati. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba iyaye da malamai ikon sauke amanar da ke wuyansu.