DAGA GABAN ALLO: Yaro Ya Natsu, Amma Kwanonsa Na Komawa Gida Cike

A wannan wata na yi niyyar in yi magana a kan kuɗin jarrabawa ne, to amma wani al'amari ya taso a ajina wanda na ga ya fi gaggawa. Masu jiran waccan magana sai su yi mini haƙuri.

Akwai wani yaro ɗan shekara 12 a ajin ƙarshe na firamare da nake koyarwa a nan Ngawundere. Ba zan faɗi sunansa ba, amma mahaifinsa ya yarda in ba da labarin. Tun yana ƙaramin aji malamai suka san shi da ƙiriniya da rawar kai. Ba ya iya zaman minti biyar a benci, kullum sai ya ɓatar da biro, kuma idan aka ba shi lissafi goma sai ya yi uku daidai ya manta da sauran. Ba daƙiƙi ba ne ko kaɗan. Ya sha bulala a hannun mutane da yawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, har da ni a farkon shekara. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake tsara darasi, amma ban tuna ranar da aka zaunar da mu a kan irin waɗannan yara ba.

Kawunsa ne ya ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, inda likita ya duba shi ya ce yana da larurar nan ta rashin iya tattara hankali wuri ɗaya, wadda ake kira TDAH da Faransanci, ADHD da Ingilishi. Aka ɗora shi a kan maganin metilfenidat, wanda aka fi sani da sunan Ritalin. Maganin ba sabo ba ne. A shekarar 1944 wani masanin haɗa magunguna mai suna Leandro Panizzon ya haɗa shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya kuma raɗa masa sunan matarsa Rita. Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, shi ya sa ba a sayar da shi sai da takardar likita.

Cikin mako biyu yaro ya sake. Ya zauna, ya rubuta, ya gama lissafinsa goma. Muka yi ta murna. To, bayan wata uku sai mahaifinsa ya same ni a ƙofar makaranta, ya ce, "Malam, karatu ya gyaru, amma yaron nan zai ƙare. Abincin da uwarsa ke zuba masa yadda ya tafi haka yake dawowa." Ya ce sun auna shi, daga kilo 38 ya koma 35. Ga shi mayen ƙwallo ne, ba shi da buri sai wata rana ya buga wa Coton Sport ta Garwa, amma yanzu ko rabin wasa ba ya kaiwa sai ƙafafu su mutu. Mahaifin ya yanke shawarar zubar da maganin. Kakarsa kuwa ta riga ta aika kasuwa a sayo sha-ka-fashe.

Bari in fara da na kaka, domin shi ya fi tsorata ni. Yawancin ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kan tebur iri biyu ne. Akwai siproheftadin, wanda ke buɗe ciki amma yana sa gyangyaɗi, wato abin da aka gyara da safe sai a rushe shi da rana. Wani lokaci likita da kansa kan rubuta shi, amma da awo. Akwai kuma deksametazon, wanda shi ne mugun. Yana kumbura fuska da tumbi har a ce yaro ya murmure, alhali kuwa a ƙarƙashi cinye tsokar cinya da ta damtse yake yi, ya raunana ƙashi, ya hana tsayi, ya kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wanda ke son ɗansa ya yi ƙwallo ya ba shi wannan, gyaran gangar Auzinawa ya yi.

Game da zubar da magani kuma, na roƙi mahaifin ya dakata mu kira likitan a waya tukuna. Abin da na fahimta daga bayaninsa da kuma ɗan karatun da na yi shi ne wannan. Maganin yana ƙara wasu sinadarai biyu a ƙwaƙwalwa, dofamin da noradirenalin, waɗanda ke taimakon mutum ya tsaya a kan abu ɗaya. Su ne kuma ke danne kiran yunwa. Saboda haka cikin yaro babu komai, jikinsa na bukatar abinci, amma saƙon ba ya isowa. Rashin cin abinci yana daga cikin illolin da aka fi gani ga masu shan wannan magani. Idan jiki bai samu abin ƙonawa ba kuwa, ba kitse kaɗai yake taɓawa ba, har tsoka yake ci. Yaron da dama ba shi da kitse, ka ga ai tsokar ce za ta biya.

Amma ga inda sauƙin yake. Dannewar ba ta yini da kwana ba ce. Ƙwaya ta yau da kullum tana aiki kamar awa 3 zuwa 4, mai dogon zango kuma takan kai awa 8 zuwa 12. Wato akwai ƙofa biyu a buɗe: da sassafe kafin magani ya kama, da kuma dare bayan ya saki. Kuskuren da aka yi ta yi a gidan shi ne, yaro ya haɗiyi ƙwaya da ruwan shayi tsura ya fita, a cika masa kwano don tsakar rana lokacin da ko ƙamshin miya ba ya so, da dare kuma idan yunwa ta taso masa wajen ƙarfe tara sai a ce an riga an wanke tukunya. Sai aka juya tsarin. Karin kumallo ya zama babban abincinsa, a ci a ƙoshi sannan a sha magani. Da dare a ajiye masa kwano na biyu, kada kowa ya ce masa mai haɗama.

Da yake ni malamin lissafi ne, sai da na zauna da uwarsa muka yi ƙidaya. Abin da ke gina tsoka shi ne furotin, kuma yaro irinsa na bukatar kimanin giram ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai yawan guje-guje ma fiye da haka. Ƙwai ɗaya na da giram 6. Kofin nono na rubu'in lita na da giram 8. Cikin tafin hannu na gyaɗa na da kamar 7. Ƙwai biyu da kofin kindirmo da safe, da gyaɗa a aljihu, an riga an sami 27 tun kafin a je ga wake ko nama. Mu da ke zaune a tudun Adamawa, inda Allah Ya hore mana shanu, abin kunya ne a ce yaro ya rasa nono. Kunun gyaɗa da madara, fura da nono, ƙosai, awara, ƙuli-ƙuli, duk suna ƙofar gida. Kilishinmu da matafiya ke rububi a tashar jirgi shi ma ɗan yanki kaɗan ya isa, ko da yake na san tsadarsa ba ta kullum ba ce.

Da rana kuma muka daina faɗa da shi a kan tuwo. Wanda ba ya jin yunwa, ganin tulin abinci ma ƙara toshe shi yake yi, amma abin sha yakan wuce. Yanzu gorar kunun gyaɗa yake zuwa da ita, idan an fita hutun tara sai in ce, "Kai, ɗauko gorarka," ya shanye a gabana. Da agogo yake ci, ba ya jiran ciki ya kira.

Mahaifin ya so ya hana shi ƙwallo don kada ya ƙara ramewa. Na ce a'a. Tsokar da ba a aiki da ita zubewa take yi ko da ana ci, kuma wasan yamma shi ke jawo yunwar dare. Abin lura kawai shi ne ya ci wani abu da zarar ya dawo daga fili, ya kuma sami barci isasshe. Wannan magana ta shafi samarinmu na jami'a a Dang masu ɗaga ƙarfe, waɗanda wasu cikinsu ke shan irin wannan magani: ɗaga ƙarfe da cikin wofi wahala ce kawai, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda kuma ke karɓar ƙwayar abokinsa don karatun jarrabawa, ya sani da zuciyarsa da hawan jininsa yake wasa.

Likitan ya ƙara da abubuwa biyu. Ya ce a auna nauyin yaro a kai a kai a rubuta a littafi, tsayinsa kuma duk wata shida, domin maganin kan ɗan rage saurin girma ga wasu yara. Idan nauyi ya ci gaba da sauka, ko barci ya ƙi, ko zuciya na bugawa da ƙarfi, a dawo masa; shi zai san ko rage awo za a yi, ko a sauya magani, ko a ba da hutu lokacin dogon hutun makaranta. Ya kuma sa aka yi gwajin tsutsar ciki da na zazzaɓin cizon sauro, saboda a ƙasarmu ba kowace rama ce za a ɗora wa ƙwaya ba. Ashe kuwa akwai tsutsa, aka ba shi maganinta.

Ranar Asabar da ta wuce aka sake auna shi, kilo 37. Saura ɗaya ya koma inda yake. Kakar ba ta gamsu ba tukuna, ta ce har yanzu wuyansa kamar na zalɓe, kuma ina zargin ƙwayoyin nan suna nan ƙulle a bakin zanenta. Na yi alkawarin zuwa gaishe ta ranar Juma'a.

Maganar kuɗin jarrabawa sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.