Ku bar alƙalin wasan yara ya busa usur ɗinsa

Hutun lakol ya zo, gasar ƙwallon yara ta cika unguwanni daga Maradi har Damagaram. Ku dubi wanda ake miƙa wa usur: wani saurayin unguwa, ba horo, ba ko dala. Da ya busa fenariti, sai ƙato mai gemu ya faɗo fili yana zagin uwarsa, gaban 'yan shekara 10.

Me muke koya wa yaran nan, jama'a? Cewa hukunci na mai ƙarfin murya ne. Cikin dokokin ƙwallo 17, ta 5 ta ce hukuncin alƙali a fili shi ne na ƙarshe. Ko ya yi kuskure, ba a gyara shi da mari. Yaron da ya ga babansa ya tsorata alƙali har ya canja hukunci, gobe haka zai yi a kotu.

Ni dai ina kira ga FENIFOOT ta horar da alƙalan unguwa. Masu shirya gasa, ku biya su hakkinsu kafin a take ƙwallo. Wanda ya zagi alƙali kuwa, a fitar da shi, ko ɗan wane ne.