Ƙwaya Ɗaya, Magani Biyu

Zancenmu na wannan mako a kan maganin hawan jini ne, irin wanda aka haɗa magani biyu cikin ƙwaya guda. Sananne daga cikinsu a nan Minna shi ne Moduretic. A cikinsa akwai amiloride miligiram 5 da hydrochlorothiazide miligiram 50, aikinsu kuwa fitar da ruwa da gishiri ta fitsari.

To, ga inda gizo ke saƙa. Shi amiloride yakan tsare sinadarin fotasiyam a cikin jini. Idan mutum ya ƙara da lisinopril ba da sanin likita ba, sinadarin yana iya yin yawa har ya rikita bugun zuciya. Da yawanmu kuwa mukan karɓi magani a Babban Asibitin Minna, sa'an nan mu biya kantin magani a Bosso ko Tunga mu ƙaro wani, wai don ya yi wa maƙwabci aiki. Lalle wannan ganganci ne. Haka kuma diclofenac da ibuprofen da dattawa ke sha don ciwon gwiwa, sukan rage ƙarfin maganin, su wahalar da ƙoda.

Sai batun zafin Maris da Afrilu. Wanda jiri ke ɗiba in ya miƙe tsaye, ko amai da zawo suka kama shi, ya hanzarta ganin likita, gama ruwan jikinsa ya ragu. A sha ƙwayar da safe, kada fitsari ya hana barci. Ran zuwa asibiti a tattara magungunan gida duka a nuna, har da na gargajiya, a kuma nemi gwajin ƙoda.